Yadda ake haɗa wa yara oktofas na zaren ulu ba tare da kwarashi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in yi wa 'ya'yan 'yan'uwana kyautar abin wasa da hannuna. Su biyar ne, ƙaraminsu yana da shekara 2, babbarsu 7. Na ga ana yin oktofas, dabbar tekun nan mai hannuwa takwas, da zaren ulu. Ban iya saƙa da kwarashi ba. Na gwada ɗaya, sai hannuwan suka fito wani da kauri wani siriri, ƙwallon da na sa a kai kuma yana leƙowa ta tsakanin zaren. Ina gyaran yake? Kuma zan iya ba ɗan shekara biyun?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan aiki ba ya neman kwarashi. Matuƙar kin iya kitso mai igiya uku, sauran abin da kike bukata zare ne, da almakashi, da kwali, da basilla.

Rashin daidaiton hannuwan daga lissafi ya taso. Hannuwa takwas ne, kowanne kuma gida uku za a raba shi wajen kitsawa, don haka dole yawan silin zaren ya rabu da 24 ba saura. Ki yanko kwali mai tsawon santimita 30, ki naɗa zaren a kansa zagaye 48. Ki zura wani zaren ta ƙarƙashin naɗin a baki ɗaya na kwalin ki ɗaure tamau, sannan ki yanke naɗin a ɗaya bakin. Kowane zagaye ya ba ki sili biyu ke nan, jimilla 96: kowane hannu 12, kowace igiyar kitso 4. Idan zarenki mai kauri ne, zagaye 36 ya wadatar. Idan siriri ne, ki kai 60. Ki riƙa ƙirgawa a fili, domin ido yana yaudara a nan.

Batun kai kuwa, ni ba na son ƙwallon roba ko na soso a ciki. Ki dunƙula ragowar zaren da kike aiki da shi ya zama ƙwallo mai faɗin santimita 6, ki matse shi sosai. Tun da launinsu ɗaya, ko an samu 'yar kafa babu mai lura, ga shi kuma yana wankuwa. Ki ɗora ɗaurin nan a tsakiyar saman ƙwallon, ki baza zaren ta kowane gefe da yatsunki har ya rufe shi, sannan ki tattara shi a ƙasa ki ɗaure wuya.

Wuyan nan shi ne ƙarfin abin gaba ɗaya, kuma a nan nake so ki ɓata lokaci. Ki ninka zaren ɗaurin biyu, ki zagaya sau biyu, ki ja iya ƙarfinki, ki ƙulle sau uku. Kada ki yanke jelar. Ki zura ta a basilla, ki soka ta cikin wuyan daga wannan gefe zuwa wancan sau huɗu ko biyar, kina sauya wuri. Wannan ɗinkin ne ke hana yaro zaro sili ɗaya, wanda in ya fita sauran sai su bi shi. Bayan nan ki raba zaren gida biyu, kowanne ki sake raba shi biyu, ki kuma rabawa, kin samu takwas. Ki kitsa, ki ɗaure bakin kowane hannu, ki daidaita da almakashi.

Ɗan shekara biyun za ki iya ba shi, amma nasa daban za a yi. Yaron da bai kai shekara 3 ba komai baki yake kaiwa, saboda haka babu maɓalli, babu dutsen ado, babu idon roba na mannawa da gam. Ki ɗinka masa ido da baki da baƙin zare, ki ɓoye ƙullin a cikin kan. Ƙa'idojin kayan wasa a Amurka da Turai sun hana a sa wa kayan wasan yara masu wannan shekaru ƙwallon da faɗinsa bai kai kimanin santimita 4.5 ba, don yana iya toshe maƙogwaro. Ƙwallon tenis na tebur, da wasu ke sawa a ciki, santimita 4 ne kacal. Hannuwan ma ki gajarta su. A Denmak, inda masu sa kai suka fara saƙa wa jariran bakwaini oktofas a 2013, sharaɗinsu shi ne kada hannu ya wuce santimita 22 idan an ja shi, don kada ya naɗe wuya. Awon kwalin da na ba ki zai bar ki ƙasa da haka, amma ki auna bayan kin gama. Na Denmak ɗin saƙaƙƙe ne da kwarashi, ba shi da bakin zare a sake, don haka irin naki na kitso kada a ba jariri, kada kuma a sa shi a shimfiɗar barcinsa.

Na ƙaramin ki zaɓi zaren auduga zalla, wanda ba ya zubar da gashi, kuma ki jiƙa guntunsa ki danna a farin ƙyalle ki ga ko yana zuba. Kafin ki miƙa kowanne, ki ja hannuwan ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ki wanke shi, ki bar shi ya bushe har ciki, don dunƙulen kan yana daɗewa da laima.

Manyan kuwa ki ba kowa launinsa don gudun rigima. 'Yar shekara bakwan nan, da zan ba ki shawara, ki ɗaure mata wuya ki bar mata hannuwa biyu ko uku ta kitsa da kanta. Ki riƙe mata kan tana kitsawa, ke kuma ki ɗaure bakin.