Ƙananan motocin ƙarfe: wacce zan saya, kuma yaya zan ɗauke ta hoto?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan ƙananan motocin nan na ƙarfe suke, su Hot Wheels da Matchbox da 'yan'uwansu, kuma gaskiya abin ya yi min daɗi don da ana ganin kamar babu masu wannan sha'awar a Zariya. Ga waɗanda na samu damar amsawa.

Wani ɗalibi daga Samaru ya ce: "Malam na tara dubu 30 ina so in fara tara motocin nan. Abokina ya ce in sayi babba guda ɗaya mai buɗe ƙofa da bonet, wani kuma ya ce in je wajen 'yan gwanjo in kwaso ƙanana da yawa. Wanne ya fi?"

Ƙanina fara da ƙanana. Amma bari in fara yi maka bayanin lambobin nan da za ka riƙa gani a jikin kwali, 1:64 ko 1:43 ko 1:18, don su ne za su nuna maka abin da kake saye. 1:64 yana nufin an rage motar gaske sau 64, to motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi za ta dawo wajen santimita 7, a 1:43 za ta zama wajen santimita 10, a 1:18 kuma wajen 25. Wannan babbar da abokinka yake magana yawanci 1:24 ce ko 1:18, irin na Maisto da Bburago, suna da kyau ba ƙarya, za ka ga sitiyari da kujeru har da inji, amma kuɗinka duka zai tafi a guda ɗaya kuma kai da kake ɗakin hostel da mutane ina za ka ajiye ta, kowa ya shigo sai ya buɗe ƙofar ya rufe, wata biyu madubin gefe ya karye.

Ƙananan kuwa za ka saka guda biyu a aljihu ka fita da su, kuma a kansu ne za ka koyi gane mai kyau da mara kyau. Ka shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan wasan yara na gwanjo, ka yi sabo da mutum ɗaya ka karɓi lambarsa ya riƙa gaya maka ranar da zai fasa dila, don masu kyau ba sa kwana. In ka ɗauki mota abu na farko ka juya ta ka duba ƙasanta. Ta kirki za ka ga sunan kamfani da sunan motar da ƙasar da aka yi ta an buga su a jiki. Hot Wheels na kamfanin Mattel ne na Amurka, sun fara a 1968. Matchbox ta girme ta, a Ingila aka fara ta a 1953, yanzu ita ma Mattel ke da ita tun 1997. Akwai Tomica ta Japan da ta fara a 1970, akwai Majorette ta Faransa, su biyun nan har sikelin motar, wato lambar nan irin 1:64, suke bugawa a ƙasa, kuma in ka danna su za ka ji suna ɗan lotsawa su dawo saboda an yi musu sifirin. In ba suna ko kaɗan, kuma ka ji ba nauyi a hannu, bar ta. Jikin ta gaske tutiya ce da aka gauraya da ɗan alminiyom aka narka aka ɗura a mazubi, shi ya sa za ka ji ta da sanyi da nauyi. Sai ka gangara ta a kan tebur, in ta karkace gefe ɗaya ƙarfen tayar ya lanƙwashe. Fenti ya ɗan goge ba komai ba ne, ni har na fi son irinsu a hoto, amma gilashin da ya tsage ko tayar da ta fita kar ka saya da niyyar za ka gyara.

Kuma don Allah kar ka kwashi duk abin da ka gani. Zaɓi layi ɗaya, ko motocin da ake gani a titinmu su Hilux da Land Cruiser da Marsandi da Golf, ko motocin tsere, ko manyan motoci da bas. Mota goma masu alaƙa da juna sun fi hamsin da aka tara barkatai. Ka rage wani abu cikin kuɗin ka sayi robar ajiya mai murfi.

Wani ɗan'uwa daga Tudun Wada ya turo cewa wani mai sayarwa a Instagram ya nuna masa Hot Wheels guda biyu, ɗaya an rubuta 1969 a ƙasanta ya ce tsohuwa ce sosai, ɗayar kuma ya ce Super Treasure Hunt ce, ya sa musu kuɗi mai yawa ya ce nan gaba za su ninka. Yana tambaya ko ya saya ya ajiye a matsayin jari.

Ɗan'uwa tsaya tukuna kar ka tura kuɗi. Shekarar da ke ƙasan Hot Wheels shekarar da aka yi rajistar ƙirar motar ce, kuma suna iya ci gaba da fitar da ƙira ɗaya shekara da shekaru lambar ba ta canza ba, don haka motar da aka yi bara ma za ka iya ganin 1969 a ƙasanta. Abin da za ka duba shi ne ƙasar da aka yi ta. Na farkon nan a Amurka da Hong Kong aka yi su, kuma tayoyinsu suna da jan layi a zagaye. In ka ga 1969 sannan ka ga Malaysia ko Thailand a gefe to ba ta wancan zamanin ba ce. Haka Matchbox, wadda aka rubuta Lesney da England a ƙasanta ita ce tsohuwa, don kamfanin Lesney da ya fara yin ta ya durƙushe a 1982.

Ita kuma Super Treasure Hunt gaskiya ne akwai ta, Mattel sun fara Treasure Hunt a 1995 sannan suka kawo Super a 2007, kaɗan ake sakawa cikin katan shi ya sa ake rububinta. Alamunta: tayar roba ce mai laushi maimakon ta filastik, fentin yana da zurfi yana ƙyalli kamar ana hango ƙarfen ta ciki, akwai haruffan TH a jikin motar, kuma in tana cikin kwalinta akwai tambarin wuta mai ruwan zinare a bayan motar. Matsalar ita ce ana yin jabu, a huda ƙusoshin ƙasa a canza taya a sake fenti a manne. Ka ce ya turo maka bidiyo da rana, ya juya ƙasan ka ga ƙusoshin nan biyu ko ɗaya, in akwai alamar an taɓa su ko an sa gam ka haƙura. In ya ƙi turo bidiyo ma ka haƙura.

Maganar jari kuma ni ban ba ka shawara ba. Hot Wheels ta yau da kullum a Amurka dala ɗaya da 'yan kai ce, miliyoyi ake bugawa, abin da ke sa ta tsada a nan canjin dala ne da kuɗin kawowa. Masu biyan kuɗi mai yawa kan wadda ba a buɗe ba yawanci suna waje, kuma su ko kusurwar kwali ta ɗan lanƙwashe sai su rage farashi, to kai a Zariya wa za ka sayar wa, kuma nawa za ka kashe kafin ta isa hannunsa? In kana son motar don tana burge ka kuma kuɗin ba zai taɓa cefanen gida ba, saya ka buɗe ta ka more. In riba kake nema akwai hanyoyin da suka fi wannan tabbas.

Wata 'yar'uwa daga Kongo ta ce tana da motoci wajen ashirin da yayanta ya bar mata, tana ɗaukarsu hoto da waya amma kullum suna fitowa kamar kayan wasa, ba kamar hotunan da take gani na mutanen waje ba. Ta ce ko sai ta sayi kyamara?

A'a ƙanwata, riƙe kuɗinki. Na san abin da ke faruwa ko ban ga hotunan ba, a tsaye kike ɗauka kina kallon motar daga sama. Ba wanda yake ganin motar gaske daga sama sai wanda ke kan gadar Kwangila, shi ya sa ido yake gane ƙarama ce nan take. Ki sauko da wayar har ƙasa, ki ma juya ta kai ƙasa yadda gilashin kyamarar zai zo daidai da fitilar motar. In ba kya son kwanciya a ƙasa ki ɗora motar a kan katanga ko benci ke ki tsuguna. Wannan kaɗai zai gyara rabin matsalar.

Sai haske. Kar ki kunna filas, yana ƙona fentin ya bar farin tabo. Rana tsaka ma ba ta yi. Ki fita da safe bayan rana ta ɗan ɗago ko bayan la'asar, ko ki zauna a inuwar baranda kusa da inda haske ke shigowa, sai ki riƙe farar takarda a gefen da ya yi duhu ta mayar da haske kan tayoyin. Lokacin hunturu da hazo ya rufe rana wallahi haske ne mai kyau ga wannan aikin, laushi gare shi ba ya yin inuwa mai kaifi. Kar ki manna wayar a jikin motar, hancin zai kumbura bayan ya tsuke. Ki ja baya kaɗan ki sa zum a 2, ki taɓa fitilar gaba a sikirin don fokas ya zauna a nan, ki ɗan rage hasken da yatsa, ki jingina wayar da littafi ko dutse ki sa taima na sakan uku don kar hannu ya girgiza. Fotiret ɗin waya, wato tsarin nan da ke dusar da bayan hoto, yana yawan cinye madubi da gefen taya a ƙananan abubuwa, gara ki bar shi, in bayan motar yana da nisa da kansa zai dushe.

Abin da mutane ba sa lura da shi kuma shi ne ƙasan da motar ke kai. Ki tuna komai sau 64 ne, tsakuwa mai milimita ɗaya a gefen motar za ta fito kamar dutse mai santimita 6, ciyawa kuma ta zama itace. Don haka yashin gini bai yi ba. Ki samo jar ƙasar nan tamu ki tankaɗe ta da rariya ki baza a faranti ko katako, ki gangara motar sau ɗaya ta bar sawun taya, Land Cruiser a kan wannan da hasken yamma sai mutum ya rantse hanyar ƙauye ce. In kwalta kike so ki sayi baƙar samfefa mai laushi wajen masu kayan gini ki ja farin layi da alli siriri. Daɓen siminti mai santsi ma yana yi, in kika ɗan fesa masa ruwa zai yi kamar titi bayan ruwan sama har inuwar motar ta fito a ciki. A baya kuma ki bar abin da ke nesa ya yi aikinsa, dutsen Kufena daga nesa ko wani sashe na ganuwa ko katangar jar ƙasa a cikin birni, in kin tsaya a wurin mutane ki nemi izini tukuna. Kuma kafin kowane hoto ki share motar da burushin kwalliya mai laushi wanda ba a taɓa amfani da shi ba, don ƙurar da idonki bai gani ba kyamara za ta nuna ta ɓaro-ɓaro. Ranar da kika ga kin iya duk wannan kuma wayar ce ta gaza, lokacin sai mu yi maganar kyamara.

Wani magidanci daga Gyallesu yana son ya yi wa mahaifinsa kyautar ƙaramar Fijo 504, ya ce Baba ya yi shekaru yana jan ta tsakanin Zariya da Kaduna, ya duba Hot Wheels bai samu ba.

Allah ya yi albarka, wannan kyauta ce mai kyau. 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi ta harhaɗa ta shekaru da yawa, kuma a 1975 ɗin ne ma ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya. Wajen kamfanonin Turai za ka neme ta, Norev da Solido na Faransa da kuma IXO duk sun yi ta a 1:43, kuma wannan girman ya fi dacewa da dattijo, zai ga fitilun nan nata da kyau kuma za ta zauna a shogilas ba ta cin wuri. Da wuya ka same ta a kasuwa a nan, sai dai ta kasuwar intanet ta eBay ko wani da zai dawo daga waje ya riƙo maka, wanda shi ya fi sauƙi don kuɗin aikowa wani lokacin ya fi kuɗin motar. Ka fara tambayar Baba wacce ya ja, salun ce ko wagon ko fikof, da kalarta, kar ka sayo masa kufe mai ƙofa biyu wadda ba ita ya sani ba.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya a Hanwa, ɗanta ɗan shekara biyu yana kuka sai an ba shi motocin babansa, ta saya masa nasa?

Hajiya ki ɗan jira. A jikin kwalin Hot Wheels da Matchbox an rubuta daga shekara 3 zuwa sama ne, saboda taya na iya fita yaro ya haɗiye, na gwanjo da suka riga suka sha wuya ma sun fi haɗari. Ki saya masa babbar ta roba ko ta katako wadda ba ta shiga baki. Na maigida kuma a mayar da su sama cikin abu mai murfi inda rana ba ta dukansu, don rana na kashe fenti ta mayar da gilashin rawaya, in damina ta shigo a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, su ma a tabbatar hannun yaron bai kai gare su ba.