Ga 'yar'uwar da tarin maigidanta ya ƙi jin citta da zuma

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi da na ga tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce maigidanki ya fi wata yana tari, kin yi citta da zuma da lemun tsami bai saurara ba, kina neman ganye ko saiwar da za ki ƙara masa. Irin tambayar da na yi ta yi wa mutane ke nan a kan ƙanina.

Tarin ai ba iri ɗaya ba ne. Busasshen nan na hunturu, mai ƙaiƙayin maƙogwaro, shi ne yake jin zuma. Ki daka ɗanyar citta da kanumfari kaɗan ki tafasa, in ya huce ya zama ɗumi ki zuba zuma cokali ɗaya, ya sha kafin ya kwanta. Ya riƙa kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri. In kuwa mai majina ne, ƙirji ya cushe, sirace ya fi komai a wurina: ganyen turare ko na'a-na'a a ruwan zafi, ya lulluɓa ya shaƙi tururin, ya yi ta shan ruwan ɗumi. Mahaifiyarmu tana sa masoro da tafarnuwa a miya, wasu kuma namijin goro suke taunawa. Duk waɗannan suna kawo sauƙi, ba na musu.

Amma tarin da ya haura mako 2, don girman Allah a kai kakinsa gwaji.

Na ƙanina da farko tarin hunturu muka ɗauka ne. Sai zazzaɓi da yamma, sai zufa cikin dare har matashinsa ya jiƙe, abinci ya fita ransa. Wani mai magani, irin masu yawo da mota da lasifika, ya ce sanyi ne ya yi masa kaka-gida a ƙirji. Ya ba mu jarkar tsimi baƙi ƙirin, ya karɓi kuɗi masu yawa. Da muka koma muka ce yaro sai ramewa yake yi, mutumin nan ya dubi idon mahaifiyarmu ya ce ai ciwon ne yake narkewa, kada a kuskura a kai shi asibiti, allura za ta tayar da shi. Daga baya ma sai ya juya zance ya ce da hannun mutum a ciki, aka ƙara kuɗin hayaƙi da rubutu. Mama har ƴan kunnenta na gwal ta sayar. Har yau in na ji lasifikar masu maganin nan a layinmu sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah, domin ya san abin da yake yi.

Daren da ya tofar da jini ba zan manta ba. Babu wuta, ina riƙe da fitilar waya, na ga ja a cikin kwanon. Ya ɗago ya ce, "Yaya, mutuwa zan yi ko?" Saurayin da yake ɗaukar buhun masara shi kaɗai, ga shi ina ƙirga haƙarƙarinsa. Mama tana ta salati, ni na kasa ko kuka. Gari na wayewa kawunmu ya sa shi a Keke Napep sai asibitin gwamnati. Suka karɓi kaki suka sa a na'urar GeneXpert, aka ce tarin fuka ne. Gwajin kyauta, maganin kyauta, wata 6 yana sha kullum. Fitsarinsa ya koma ja-ja muka tsorata, ma'aikaciyar ta ce ƙwayar rifampicin ce take sa haka. Mu ma na gidan duk sai da aka duba mu. Alhamdu lillahi ya warke, yanzu har ya yi aure, sai dai in ya yi aikin ƙarfi numfashinsa yakan yi sama.

Masu jarirai, tunda zancen zuma ya zo: ba a ba wa yaron da bai cika shekara 1 ba, ko ɗigo, akwai ƙwayar cutar da cikinsa ba zai iya da ita ba. Kada kuma a je kemis neman maganin tari mai kodin, tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shi, mun ga yadda ya lalata mana matasa.

Wani abu kuma, in maigidan yana shan maganin hawan jini irin su lisinopril, shi ma yana sa busasshen tari mai naci. Likita ne zai canza masa, kada ya daina da kansa.

Maza akwai ƙin asibiti, na sani. In ba zai ji taki ba, ki haɗa shi da yayansa ko amininsa. Ki ci gaba da ba shi citta da zumar don ya samu barci, ki riƙa buɗe tagogi, ki ɗan janye yara daga ɗakinsa. Ki duba mana ko yana zufar dare, ko wandonsa ya fara yi masa yawa. Allah Ya ba shi lafiya, in an yi gwajin ki sanar da mu.