Na sabunta Android Studio, aikina ya ƙi ginuwa: in koma tsohon ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina haɗa wa kawuna manhajar lissafin kayan shagonsa da harshen Java. Na fara aikin tun 2023 a kan Android Studio Electric Eel, komai yana tafiya lafiya lau. Kwanakin baya na sauke Ladybug na ɗora. Tun daga ranar aikin ya ƙi ginuwa, abin da yake fito mini da shi da jan rubutu shi ne "Unsupported class file major version 65". Wallahi ko layi ɗaya ban taɓa ba. Data ta tafi, kawu yana jira. In goge in koma tsohon ne? Kuma me sabon ya zo da shi da har ya cancanci wannan wahalar?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kada ka goge komai. Aikinka yana nan lafiyarsa ƙalau, kuma gyaran da zai tashe shi yau ba zai ci maka minti goma ba in intanet ta ba da haɗin kai.

Bari mu fara da lambar nan 65, domin ita ce ta faɗi ciwon da bakinta. Duk abin da aka tattara da Java yana ɗauke da lambar zubin da ya samar da shi, kuma lissafin mai sauƙi ne: ka ƙara 44 a kan zubin Java ɗin. Java 8 ita ce 52, Java 11 ita ce 55, Java 17 ita ce 61, Java 21 kuwa 65. Ma'anar jan rubutun ke nan: wani abu a cikin aikinka ya haɗu da Java 21, shi kuma bai san ta ba.

Wannan abin shi ne Gradle. Mutane da yawa suna ɗauka Android Studio ne yake gina manhaja, alhali shi ɗakin aiki ne kawai, inda kake rubutu kana dubawa. Magini shi ne Gradle, yana aiki da wani ƙari na Google da ake kira AGP wanda yake koya masa harkar Android, su biyun kuma a kan JDK suke tsaye, wato kunshin kayan aikin Java. Android Studio yana zuwa da JDK ɗinsa a ciki. Electric Eel ya zo da 11, Flamingo ya koma 17, Ladybug da ya fito a Oktoban 2024 ya zo da 21. Shi kuwa Gradle ba ya bin Android Studio. A cikin aikinka aka rubuta zubinsa, a fayil ɗin gradle-wrapper.properties. Aikin da aka buɗe a zamanin Electric Eel galibi yana kan AGP 7.4 da Gradle 7.5, kuma Gradle bai iya gudu a kan Java 21 ba sai daga 8.5. Ka canza ƙasar da maginin yake takawa, shi kuma yana nan a tsohonsa. Shi ya sa gaskiyarka ce da ka ce ba ka taɓa layi ko ɗaya ba.

Ga abin da za ka yi yau. Ka shiga Settings, ka bi Build, Execution, Deployment, sai Build Tools, sai Gradle. A can ƙasa za ka ga wurin da aka rubuta Gradle JDK. In akwai 17 a jerin ka zaɓe ta. In babu, a cikin jerin akwai Download JDK, ka zaɓi 17 ka sauke. Sai ka danna Sync. Gradle ya san Java 17 tun daga 7.3, kuma Ladybug yana karɓar AGP 7.4 ba gardama, don haka aikin zai ginu yadda ka san shi. Ka fitar wa kawu da manhajarsa tukuna, sauran magana ta biyo baya.

Batun komawa Electric Eel kuma, ban ba ka shawarar haka ba. Za ka sake kashe data wajen gigabait guda a kan abin da zaɓin JDK ya riga ya magance, kuma ranar da kake gudu tana nan tafe, musamman in kana da niyyar sa manhajar a Play Store. Google yana ɗaga sharaɗinsa duk shekara: sharaɗin da ya fara aiki a 31 ga Agustan 2025 ya ce sabuwar manhaja ko sabuntawa sai ta nufi Android 15, wato API 35, shi kuma yana buƙatar aƙalla AGP 8.6. In dai APK ne kake tura wa kawu ta WhatsApp ko Xender ya ɗora a wayarsa, ba wanda ya sa maka wuƙa a wuya, kana da lokacin da za ka yi a tsanake. Amma ka yi ɗin.

Idan ka tashi, abu na farko ka ajiye aikin a Git, ma'ajiyar tarihin canje-canjen aiki, yadda yake yana aiki, ko aƙalla ka kwafi jakar gaba ɗaya zuwa wani wuri. Sannan ka buɗe Tools, ka zaɓi AGP Upgrade Assistant. Zai nuna maka abin da zai canza kafin ya taɓa komai, ka karanta shi. Tsallakawa daga 7 zuwa 8 shi ne wurin da ƙaya take, kuma na fi so ka san ƙayoyin tun kafin ka taka.

Ta farko mai sauƙi ce. Sunan kunshin manhajar da yake zaune a AndroidManifest.xml ya koma fayil ɗin build.gradle da sunan namespace, kuma mataimakin sabuntawar yakan yi maka wannan da kansa. Inda ake shan wahala shi ne in kana amfani da tsohon laburare, wato rubutun da wani ya shirya don a yi amfani da shi, da ka kwafo jakarsa ka sa cikin aikin, wanda mai shi ya daina kula da shi; wannan da hannu za ka ƙara masa. Ta biyu, BuildConfig ba ya fitowa da kansa yanzu, sai ka kunna buildConfig a ƙarƙashin buildFeatures. Ta uku ta shafe ka kai tsaye tunda da Java kake rubutu. In kana da switch da yake duba wane maɓalli aka danna, irin case R.id.btnAjiye, zai fara ce maka "constant expression required". Dalili, lambobin R, waɗanda ake gane maɓallai da sauran kayan manhaja da su, sun daina zama tsayayyu a AGP 8. Za ka iya rubuta android.nonFinalResIds=false a gradle.properties ka wuce, amma ni na fi son ka mayar da su if da else. Ka ɗora alamar rubutu a kan kalmar switch, ka danna Alt da Enter, Android Studio zai ba ka zaɓin juya shi da kansa.

Ta huɗu ita ce ta fi damuna, domin ba ta nuna kanta a kwamfutarka. A AGP 8, R8, wato abin da yake rage girman manhaja yana zubar da abin da yake ganin ba a amfani da shi, ya ƙara tsanani. In ka kunna minifyEnabled, wanda yake sa R8 aiki, kuma kana amfani da laburaren Gson ko Retrofit, zai iya taɓa ajin Java da ake kaiwa gare shi ta bayan fage, ya canza masa suna ko ya cire masa wani abu. Na taɓa gani da idona a wani aiki da na yi wa mai kantin magani. A wayata komai daidai, domin zubin gwaji nake ɗorawa, wanda ba a kunna masa R8 ba. Na tura masa zubin fitarwa da daddare, da safe ya kira ni, ga mutane a gaban kanta, shi kuma duk ya taɓa jerin kaya sai manhajar ta rufe. Layi uku na dokar keep, mai hana R8 taɓa abu, a proguard-rules.pro ne suka gyara, amma ranar da biro da littafi ya yi cinikinsa. Don Allah ka gina zubin fitarwa, ka ɗora a waya ta gaske, ka shigar da kaya, ka sayar, ka duba lissafi, kafin ka miƙa wa kawu.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, me sabon ya kawo. Zan faɗa maka gaskiya, ba duk abin da aka tallata ne naka ba. Live Edit, wanda yake nuna canji a waya kana cikin rubutu, na masu Jetpack Compose da Kotlin ne, mai Java da XML bai da rabo a ciki. Sabuwar fuskar da ka gani, da gumaka a gefe maimakon rubutu, daga IntelliJ na kamfanin JetBrains ta zo, tunda a kansa aka gina Android Studio. Kwana biyu za ka saba, in kuma ta takura maka akwai ƙarin Classic UI da yake dawo da tsohuwar. Gemini, mataimakin AI na Google, ya shigo tun zubin Jellyfish a 2024, yana bayanin kuskure da kyau a wasu lokuta, sai dai yana buƙatar intanet da shiga da asusun Google, kuma kada ka liƙa abin da ya ba ka ba ka fahimce shi ba.

Abin da nake ganin zai amfane ka sosai shi ne nuna fuskar wayarka a cikin Android Studio, a tagar Running Devices. Ka jona waya, fuskarta ta bayyana a gefen rubutunka, kana dannawa da linzami kana rubutu da madannan kwamfuta. Ga mai kwamfutar da ƙwaƙwalwarta (RAM) ba ta wuce gigabait 8 ba, wannan ya raba ka da wayar kwaikwayo mai cinye ƙwaƙwalwa da batir, abin da kowa ya san darajarsa ranar da babu wuta. In wayar tana kan Android 11 ko sama, ko kebul ba ka buƙata, ka haɗa su ta Wi-Fi da lambar QR. Ka haɗa da Logcat, tagar da take nuna saƙonnin da waya take fitarwa: ka rubuta package:mine level:error a akwatin bincikensa, duk surutun wayar zai ɓace, kuskuren manhajarka kaɗai zai rage.

Gyare-gyaren kurakurai kuwa ba su cika shiga talla ba, amma su ne rabin amfanin sabuntawa. Bayan kowane babban zubi Google yana sakin Patch 1, Patch 2, wani lokaci har na uku, kuma daga Koala a 2024 zuwa Meerkat a 2025 kowane zubi mai sunan dabba ya fito sau biyu, na farko da sabon tushen IntelliJ, na biyu mai suna Feature Drop da sababbin kayan Android. Al'adata ita ce ba na ɗora zubi a makon da ya fito in ina da aikin mutane a hannu. Ina jira faci na farko, wato Patch 1, in karanta sashen matsalolin da aka sani a bayanin fitarwar. In ina son leƙa sabo, sai in sauke shi a matsayin zip in ajiye gefe, su zauna tare da wanda nake aiki da shi.

Saboda data, ka yi sabuntawar AGP ɗin a wurin da kake da intanet mai ƙarfi, kamar makaranta, domin zai sauke sabon Gradle da tarin laburare. Da zarar ya gama Sync sau ɗaya lafiya, ka kunna Offline Mode a tagar Gradle, zai riƙa amfani da abin da ya ajiye a jakar .gradle. Kada ka goge wannan jakar don neman wuri, kuma ka tuna ka kashe Offline Mode duk ranar da za ka ƙara sabon laburare. In ka kai AGP 8.7 da Gradle 8.9, ka koma Gradle JDK ka mayar da shi kan 21 ɗin da Ladybug ya zo da ita.