Kada ka tashi daga unguwar nan tukuna

Ɗana, sau uku na saurari saƙon muryar da ka turo, don a karon farko haushinka ya hana ni ji da kyau. Ka ce kun yi cacar baki da ɗan matar da kake haya a gidanta a kan kuɗin wuta, a bakin ƙofa, mutanen layi na kallo, har ka kira shi ɓarawo. Ka ce tun ranar kowa murmushi yake maka amma ba mai tsayawa hira, har mai ƙaramin shagon da take tsokanarka ta koma miƙo maka canji kawai. Kana tambaya ko al'adar mutanen Filifin ce haka, ko wani abu ake ƙulla maka, ko ka tattara ka bar unguwar. Ka kuma roƙe ni kada uwarka ta ji. Ba ta ji ba.

Kada ka tashi. In ka tashi da halin nan, a sabuwar unguwar ma shi za ka sauke tun kafin ka sauke akwati.

Mutanen Filifin suna da wata kalma, hiya. In aka juya ta kai tsaye kunya ce, amma ta haɗa har da abin da mu muke kira kara, da kuma zafin da mutum ke ji in an ci masa fuska a bainar jama'a. Mu a kasuwa sai a ɗaga murya, a yi rantse-rantse, kafin la'asar a ga masu faɗan suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Can ɗaga murya a gaban mutane ba ta wucewa haka nan. Wanda ka yi wa zai yi dariya, ya sosa ƙeya, kai ka ɗauka magana ta mutu. Dariyar nan mayafi ce kawai ya ja ya rufe fuskarsa. Kuma ba shi kaɗai ka taɓa ba, ka taɓa uwarsa da duk wanda ya tsaya ya gani, don su ma kunyar ta kama su.

Ni ma na taka wannan ƙayar. A 1985 aka tura ni kwas kan noman shinkafa a Los Baños, garin da cibiyar binciken shinkafa ta duniya take, kudu da Manila. Na je ina ganin na san su, tunda malamin lissafinmu a sakandare Bafilifine ne, kamar yadda aka yi ta samun su a makarantun Arewa lokacin. Akwai wani mai babur mai kwando a gefe da ke ɗaukata kullum da safe. Ranar da za mu fita rangadin gonaki sai ya makara, motar ta tafi ta bar ni. Na same shi a tasharsu na wanke shi tas gaban abokan sana'arsa. Ya yi ta murmushi yana kallon takalminsa. Washegari na fito, babura biyar a jere, amma kowa ya sami abin gyarawa a babur ɗinsa. Kwana shida ina tafiya a ƙasa cikin zafin nan mai ɗanko. Tsohuwar da nake zaune a gidanta ta bari sai da na jigata, sannan ta tura surukinta ya je ya yi magana a madadina. Da ya dawo aka ce in sayi burodinsu na safe, pandesal, cike da takarda, da lemon kwalba, in kai tashar in ajiye, in zauna a ci da ni. Haka na yi. Ba wanda ya tayar da zancen, har yau. Washegari ina buɗe ƙofa na tarar da shi yana jira.

To, abin da za ka yi ke nan. Kada ka tunkari yaron, kada kuma ka tura masa doguwar takarda ta waya kana kafa hujjoji. Nemi wanda suke jin nauyinsa, ko mai shagon nan ce, ta share maka hanya. Sannan ka je wurin uwar da ɗan abu a hannu, ka kira ta Tita ko Nanay, ka ce pasensya na po, wato a yi haƙuri. Wannan po ɗin da suke liƙawa a magana shi ne ranka ya daɗe ɗinsu, a yankin masu jin Tagalog ba a yi wa babba magana babu shi. In tsohuwa ce sosai ta miƙo hannu, ɗora bayansa a goshinka suke yi, sunansa mano. In zuciyarka ba ta kwanta da hakan ba, ɗan rusunawa da hannu a ƙirji ya wadatar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Maganar kuɗin wutar kuwa ka bari sai wani zaman, ku biyu a cikin ɗaki, takardar a gabanku, ka yi kamar kai ne ba ka gane lissafin ba. Ko da gaskiyarka, ka bar mata ƙofar da za ta gyara ba tare da ta amsa laifi ba.

In abin ya ƙi, akwai barangay. Kowace unguwa tana da shugaba da ake zaɓa, suna ce masa kapitan, kusan mai unguwarmu ne sai dai shi da ofis da hatimi. Yana da kwamitin sulhu, kuma yawancin rigimar maƙwabta sai ta bi ta can kafin kotu ta saurare ta. Ko babu rigima ka je ka gaishe su, su san fuskarka da gidan da kake. 'Yan sintirinsu, tanod, su ne za su gan ka kana dawowa daga asibiti ƙarfe biyun dare, gara su ce ga ɗalibin likitan nan da su ce wane ne wannan.

Ka tambaya ko kana cikin hatsari. Daga murmushin nan kaɗai, a'a. Inda nake jiye maka shi ne dare, in maza sun zauna bakin layi suna zagaya kofi ɗaya na giya, abin da suke kira tagay, ana rera waƙa a na'ura. Mutumin da aka kunyata da rana, in ya sha da dare, ba shi ne wanda ka sani ba. Kada ka bi ta wurin da ɗaurarriyar fuska, kada kuma ka tsaya musu. Za su kira ka, don kiran mai wucewa wajibi ne a wurinsu. Ka yi fara'a ka ce Muslim po ako, bawal, wato an hana ni. Suna gane wannan, akwai Musulmi a ƙasar tun kafin Sifaniyawa su zo. Haka in ka ji kain tayo, zo mu ci, ba lallai sai ka ci ba, godiya ake so. Amma ka riƙa tambaya, don alade, baboy, yana shiga abincinsu ta inda ba ka zato, har cikin ganye da wake. In kewar abincin da ba sai ka yi bincike ba ta dame ka, ka je unguwar Quiapo a Manila wajen Masallacin Zinare da aka gina a 1976, 'yan ƙabilar Maranao suna dafa na halal a kewayen. Wayarka dai ta zauna a aljihun gaba, cunkoson wurin ba ya wasa.

Sai maganar alheri. Suna da abin da suke kira utang na loob, bashin da ke cikin zuciya, wanda ba a biyansa da kuɗi kuma ba ya ƙarewa. Ka lura da wanda kake bari ya yi maka babbar hidima. Kai ma kada ka ba da rancen da ba za ka iya yafewa ba, domin bin bashi a gaban mutane zai mai da kai inda kake yau. Wanda kuwa ka haɗu da shi yau a titi, ya cika zaƙin baki, ya ce ku je gidan 'yar'uwarsa a sha wani abu, ka gode masa ka wuce. An sha sa wa baƙi maganin barci a abin sha a kwashe su.

Abubuwan da ba sa buƙatar dogon bayani: kada ka riƙe wa kowa ƙunshi, ko ɗan garinku ne. Tun 2016 dubban mutane suka rasa rayukansu a yaƙi da ƙwaya na zamanin shugaban ƙasa Duterte, kuma ko da shi kansa aka kai shi kotun duniya da ke Hague a 2025, dokar ƙwaya tana nan da tsananinta. Kada ka ara wa kowa asusun bankinka ko layin wayarka, wasu 'yan ƙasarmu sun riga sun ɓata mana suna da damfara. Katin baƙi na hukumar shige da fice kada ya mutu a hannunka, ka kuma je rahoton shekara cikin kwana 60 na farkon shekara. Zanga-zanga ba taka ba ce, ana korar baƙo a kanta. Ina can a 1986 jama'a suka cika titin EDSA na Manila suka kori shugaban ƙasa Marcos, a rediyon tsohuwar nan na saurara, ga shi ɗansa ya hau kujerar a 2022.

Akwai wadda zan faɗa a matsayin kawu, ka yi haƙuri da ni. A ƙasar nan babu saki a doka sai ga Musulmi. Za ka ga mace ta shekara goma rabonta da miji, ta ce maka sun rabu, alhali a takarda matar aure ce, kuma mijin yana iya kai ku ƙara a matsayin laifi. Na faɗa, na wuce.

Yaran layi za su kira ka da kalmar launin fata, wasu su so taɓa gashinka. Akasari rashin sabo ne. Ka shiga filin ƙwallon kwandon unguwa ko da ba ka iya ba, cikin mako biyu za ka koma Kuya, wato yaya. Wannan ba don nishaɗi kawai na ce ba. Guguwa kusan ashirin ke shigowa yankin ƙasar duk shekara, kuma a Satumbar 2009 wadda suka kira Ondoy ta sa ruwa ya shanye unguwanni a Manila cikin sa'o'i kaɗan. Ranar irin wannan ofishin jakadancinmu yana can Makati, mu muna nan. Wanda zai buga maka ƙofa ya ce ruwa na tahowa, hau sama, mai yiwuwa yaron nan ne da ka kira ɓarawo.

Ka je wurin mai gidan ranar Lahadi da hantsi, bayan ta dawo daga coci, lokacin zuciyarta a sanyaye take. In akwai sauran dabinon da aka ɗaura maka a jaka, shi za ka kai. Bayan nan ka turo mini yadda kuka yi. Ka kuma kira uwarka, jiya ta ce kwana tara ke nan ba ta ji muryarka ba.

Kawunka.