Ga 'yar'uwar da ke tambayar kuɗin ganin mai ba da shawara a Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce wata da watanni ke nan damuwa ta hana ki barci, kina so ki fara ganin ƙwararre mai zaman kansa a nan Kaduna, kina tambayar nawa ake biya, ta ina ake farawa, kuma ba kya so zancen ya zagaya dangi. Allah ya kawo sauƙi. Ni ma na bi wannan hanyar bayan rasuwar mahaifiyarmu, to ga abin da na gani.

Kafin a zo maganar kuɗi, ki fara sanin wa kike nema, don ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya karanci likitanci har ya ƙware, shi ne ke da ikon rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, shi aikinsa gwaji da jinya ta hanyar tattaunawa, ba ya rubuta ƙwaya. Sai mai ba da shawara, wanda ya fi dacewa da irin rikicin aure, baƙin cikin rashi, ko matsin wurin aiki. Tunda kin ambaci rashin barci da faɗuwar gaba, ni a ganina ki fara ganin likita ko da sau ɗaya ne, a duba jininki. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo kasala da bugun zuciya irin na ciwon damuwa, kuma wannan ba hira ce ke maganinsa ba.

To kuɗi. Abin da na fi so ki riƙe shi ne, kuɗin zama ɗaya ba shi ne lissafin ba. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, kuma da farko yawanci mako-mako ake so ki riƙa zuwa. Irin jinyar nan da ake koya wa mutum lura da tunaninsa da sauya ɗabi'a takan ci zama 6 zuwa 20. Mu ƙaddara an ce miki naira 15,000 duk zama, misali kawai na kawo, don kowa da nasa farashin. Sau huɗu a wata ya zama 60,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kin ga ke nan mai ƙaramin ƙarfi idan ta shiga ba shiri, zama biyu za ta yi ta tsaya, an tono ciwo ba a rufe ba. Wannan shi ne abin da na fi ji wa mutane tsoro. Gara ki zauna da biro da takarda ki ga abin da za ki iya ɗauka na wata uku ba tare da kin ci bashi ko kin taɓa kuɗin makarantar yara ba, sannan ki je ki faɗa wa ƙwararren gaskiya: ga iya ƙarfina. Wadda na gani, da na yi mata wannan bayanin, sai ta mayar da zaman namu bayan mako bibbiyu, tana ba ni aikin da zan yi a gida tsakani. Ba ta rage farashi ba, amma tafiyar ta yiwu. Wasu kuma suna ragi idan za ki biya na zama da yawa a dunƙule, sai dai ni ban ba ki shawarar biyan dunƙule ba tun ba ki ga kamun ludayin mutum ba.

Ki sa kuɗin mota a lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wadda za ta taso daga Rigasa ko Kawo zuwa Barnawa ko Unguwar Rimi ta san abin da 'yan Keke Napep ke karɓa zuwa da dawowa. Ga wanda zai zauna miki da yara. Shi ya sa wasu suka koma yin zaman ta bidiyo a WhatsApp ko Zoom. Yana da sauƙi, amma sai da data, da caji a waya, da ɗakin da ba a jin maganarki. A gidan haya ko gidan yawa, wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar samu.

Tun a waya, kafin ki tura ko sisi, ki yi tambayoyinki ba kunya. Me ya karanta, a ina, kuma a wane asibiti ya taɓa aiki? Zaman farko kuɗinsa daban ne? Sau da yawa ya fi tsada, don a nan ake ɗaukar tarihinki. Idan uzuri ya taso kika fasa zuwa, kuɗin ya tafi ke nan ko za a ɗaga miki rana? Ni na taɓa asarar kuɗin zama guda saboda ruwan sama ya tare ni a hanya, ashe ƙa'idar wurin sai ka sanar tun ana gobe. Sannan ki tambaya ko zai iya yin zaman da Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, abin da ke cin rai ba kowa ke iya fitar da shi da Turanci ba. Idan kuma kin fi sakewa da mace, ki faɗa tun farko. Ki riƙa karɓar rasit, ko ki adana shaidar tiransfa.

Ki yi hattara da masu talla a Instagram da TikTok, waɗanda suka yi kwas na 'yan makonni suka buɗe shafi. Ƙwararre na gaske ba ya jin haushin a tambaye shi takardunsa, ba ya yi miki alkawarin warkewa a zama uku, ba ya kuma haɗa miki da sayar da wani garin magani. Likita kuwa dole ya kasance yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN.

Batun sirri: ƙa'idar aikin ita ce abin da kika faɗa ya tsaya tsakaninku, ko mijinki ba a gaya wa sai da izininki, sai fa idan ana tsoron za ki cutar da kanki ko wani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci har da na sirri. Duk da haka ki tambaya ina ake ajiye fayil, wa ke iya buɗe shi. Kaduna ƙaramin gari ne idan ana maganar sanayya, mai karɓar baƙi a wurin tana iya zama ƙawar ƙanwar mijinki.

Kada kuma ki raina asibitin gwamnati. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana da likitoci da masana halayya, kuɗinsa bai kai na masu zaman kansu ba, ga kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Na san abin da ke hana mutane, da an ce Barnawa sai a ce hauka. Amma ki je ki ga layin, ma'aikata ne, ɗalibai ne, matan aure ne irinmu. Wahalarsa sammako da jira. Idan kina da inshorar lafiya ta tarayya, wato NHIA, ko ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ki fara daga asibitin da kika yi rajista, su ne za su tura ki gaba, ta nan inshorar ke aiki. Wadda na gani a waje kam kuɗi hannu take karɓa.

Ni addu'a da azkar ban bari ba ko kwana ɗaya, kuma ba wanda ya ce in bari. Idan har aka ɗora ki a kan magani, ki san yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya don an ji sauƙi ko don kuɗi ya ƙare, sai da sanin likita, don haka shi ma ki sa shi a lissafin wata. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, wannan ba ya jiran albashi ko ranar da aka ba ki. Ki faɗa wa wani da kika yarda da shi, ya raka ki Barnawa ko asibiti mafi kusa a ranar.