Me ya ɗaukaka Ingilishi, kuma in sauya wa ɗana makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi. Duk abokin cinikin da na samu a Dubai ko Sin, da Ingilishi yake yi mini magana. Me ya ɗaukaka harshen nan haka? Kuma in cire ɗana daga lakwal ta Faransanci in kai shi ta Ingilishi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba daɗi ko sauƙi ne ya kai Ingilishi inda yake ba. Mulki ne da dukiya. Ka duba Hausa ma: fatake ne suka kai ta Agadas da Gwanja da zangon Kumasi, don mai saye yana koyon bakin mai kaya.

Wajen 1920 daular Ingila tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa, ciki har da Indiya da Najeriya. Kafin nan Faransanci ne harshen diflomasiyya, amma yarjejeniyar da aka ƙulla a 1919 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da harsunan biyu aka rubuta ta. Da ƙarfin Ingila ya ja baya bayan 1945, sai Amurka ta karɓa, ita ma da harshen take magana. Wannan gadon shi ne sirrin abin. Dala da fina-finai da kwamfuta duk da shi suka fito. Yau matuƙin jirgin da ke ƙetare ƙasashe dole ya iya shi, mafi yawan binciken kimiyya da shi ake bugawa, kusan rabin shafukan intanet ma haka. Masu jin sa sun kai wajen biliyan 1.5, amma waɗanda suka sha shi a nono ba su cika miliyan 400 ba. Saura duk irinka ne, buƙata ta sa su.

Guguwar ta iso mu. Ruwanda ta mai da karatunta Ingilishi a 2008, Togo da Gabon sun shiga Kwamanwel, ƙungiyar da galibinta ƙasashen da Ingila ta raina ne, a 2022. Nan Nijar, kundin mulkin da aka kafa a Maris 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Mu da Katsina ke nan kusa, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, mun fi kowa buƙatarsa.

Amma batun cire yaro, ban goyi baya ba, kuma da gaske nake. Jarrabawar bak ta gama sakandare da takardun ofis da na duwan (kwastan) har yanzu da Faransanci suke tafiya. Yaron da aka tumɓuke a tsakiyar karatu sau da yawa yakan tashi bai riƙe ko ɗaya da kyau ba, abin nan yana ci mini rai. Bar shi inda yake. Ana koyar da Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, sai dai awoyin ba sa isa a saki baki, don haka samo masa malamin yamma, ka riƙa sa shi yana rubuta maka saƙonnin abokan cinikinka. Ka tabbata kuma yana karanta Hausa yana rubuta ta sosai, don wanda ya iya karatu da harshen gida ya fi saurin kama na waje. In ya ci bak yana son digiri da Ingilishi, ga Jami'ar Maryam Abacha nan cikin gari, ga jami'o'in Katsina da Kano.