Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Ƴan Kuɗin da Banki Ke Tsinka Suke Tafiya?

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga Jos suka zo, kuma duk a kan banki. Mun zaɓi shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina lodin tumatir da kabeji daga Farin Gada zuwa Kudu, kuma yawancin cinikina ta waya ne. Duk kuɗin da na tura sai na ga an tsinki wani abu, yau naira 26, gobe 53, wani lokaci ga wata 50 daban. Wannan ƙa'ida ce, ko kowane banki son ransa yake yanka?
Daga wani dillalin kayan gwari, Farin Gada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙa'ida ce, kuma a rubuce take. Babban Bankin Najeriya, CBN, yana da jadawalin kuɗaɗen da aka yarda bankuna su karɓa, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020. Abin da ke rikita mutane shi ne, hannu ba ɗaya ba ne ke shiga aljihun naka, hannaye ne har uku: na banki, na gwamnati, da na kamfanin layin waya.

Na banki shi ne kuɗin turawa zuwa wani banki. Bisa jadawalin na 2020, naira 5,000 zuwa ƙasa, naira 10 ne. Daga 5,001 zuwa 50,000, naira 25. Abin da ya haura 50,000, ko miliyan nawa ne, naira 50. A kan wannan ladan ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, shi ya sa kake ganin 10.75 da 26.88 da 53.75. Ka lura, a kan ladan bankin kawai ake lissafa VAT, ba a kan kuɗin da ka tura ba. Duk wanda ya ce maka gwamnati na cire kashi bakwai da rabi daga uwar kuɗinka, bai fahimci zancen ba.

Waccan naira 50 da kake gani daban ba ta banki ba ce, haraji ne na gwamnatin tarayya a kan duk turawar da ta kai naira 10,000 ko fiye. Sau ɗaya ake cire ta a kowace turawa. A da mai karɓa ke biya, kuma a ƙarshen 2024 aka shigar da masu amfani da irin su OPay da Moniepoint da PalmPay cikin tsarin. Daga 1 ga Janairu 2026, bisa sabuwar dokar haraji, mai turawa ne ke biya. Idan tsakanin asusunka biyu ne a banki ɗaya, bai kamata a cire ba.

Sai kuɗin alat. Naira 4 ne a kan kowane saƙo, har bankuna suka mai da shi naira 6 a 2025 bayan an ƙara kuɗin kira da na saƙo. Mai tura kuɗi ta danna lambobin da ke farawa da * su ƙare da # kuma, kamar yadda masu ƙaramar waya ke yi, yana biyan naira 6.98 a kowane shiga, kuma tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cirewa.

Ga lissafi. Ka tura wa manomi naira 80,000 a wani banki: 53.75 da 50, jimla 103.75, ban da alat. Ka raba kuɗin gida biyu, 40,000 sau biyu: 26.88 sau biyu da 50 sau biyu, jimla 153.76. Saboda haka idan mutum ɗaya za ka biya kuɗin kwando talatin, ka haɗa masa a turawa ɗaya. Mai alat ɗari uku a wata kuwa, naira 1,800 yake biya na saƙo kaɗai. Ana iya cike takarda a banki a koma sanarwar imel ko ta manhaja, wadda kyauta ce, amma ba mu ba da wannan shawarar ga wanda ba ya duba babbar waya kullum. Alat ne ke fara sanar da mutum idan ɓarawo ya taɓa asusunsa, kuma naira 6 ba ta kai wannan hasarar ba.

Tambaya: Ina sayar da masara da wake a Katako. Ƙarshen kowane wata sai a cire mini dubbai da sunan kula da asusu, alhali maƙwabcina ba a cire masa. Me ya bambanta mu?
Daga wani ɗan kasuwar hatsi, Katako.

Amsa: Malam, alama ta nuna naka asusun karent ne, wato na hada-hada mai cek, nasa kuma na ajiya. Asusun karent kaɗai ake cajin kuɗin kulawa, kuma bisa jadawalin CBN na 2020 iyakarsa naira 1 a kan kowace 1,000 da ka fitar zuwa ga wani, ko zuwa asusunka na wani banki. Ba a lissafa kuɗin da ya shigo. Idan ka fitar da miliyan 6 a wata, abin da za a cire kada ya wuce naira 6,000, da VAT 450. Ka karɓi takardar bayanan asusunka ta wata, ka haɗa duk abin da ya fita, ka raba da dubu. In abin da aka cire, ban da VAT, ya zarce haka, kana da haƙƙin a mayar maka.

Abin da ƴan kasuwa da yawa ba su sani ba shi ne, jadawalin cewa ya yi naira ɗayan nan ita ce ƙololuwa, ana iya daidaitawa a ƙasa da ita. Mai juya kuɗi da yawa yana iya zama da manajan reshe ya nemi ragi, kuma in an amince a ba shi a rubuce. Asusun ajiya ba shi da wannan caji, sai naira 50 duk wata uku ta kula da kati da jadawalin na 2020 ya sa. Amma ba shi da cek, kuma masu neman rance ko kwangila galibi karent ake tambayarsu. In ba ka rubuta cek, ba ka neman rance, ka auna ko karent ɗin na amfanar ka.

Tambaya: A da ana ba mu cira uku kyauta a ATM na wani banki. Yanzu ko sau ɗaya na cira sai an cire ɗari. An soke ne?
Daga wata malamar makaranta, Bukuru.

Amsa: An soke, Malama, daga 1 ga Maris 2025. Cira a na'urar bankinki kyauta ce. A na'urar wani banki da ke harabar reshensa, naira 100 ce a kan kowace 20,000, kuma ko dubu biyar kika cira ɗarin nan tana nan. Na'urar da ke wajen banki, irin ta manyan kantuna da gidajen mai, ana iya ƙara miki har naira 500 a kan ɗarin, amma wajibi ne a nuna ƙarin a fuskar na'urar kafin ki amince. Ki riƙa cirar abin da zai ishe ki a tashi ɗaya. Idan kuma na'ura ta ƙi ba da 20,000 gaba ɗaya, tana tilasta ki yin cira biyu ko huɗu ana cajin kowace, CBN ya hana wannan, kuma abin kai ƙara ne.

Tambaya: Na je wurin mai POS a Terminus zan ciri naira 45,000. Na'urar ta nuna bai yi ba, amma alat ya shigo an cire. Mai POS ya ce kuɗi bai shigo masa ba, banki kuma sun ce in jira. Yau kwana tara. Wa zan riƙe?
Daga wani tela, Gangare.

Amsa: Bankinka za ka riƙe, ɗan'uwa, ba mai POS ba. Ga abin da ke faruwa: idan ka sa kati, saƙo yana tashi daga na'urar ya bi ta kamfanin da ke haɗa bankuna ya isa bankinka. Bankinka ya cire kuɗin ya aiko da amsa. In netwok ya yanke kafin amsar ta dawo, na'urar sai ta ɗauka ba a biya ba. Kuɗin ya bar asusunka amma bai isa na mai POS ba, yana rataye a tsakani har sai an daidaita lissafi. Mai POS ɗin na iya kasancewa da gaskiyarsa, kuma rigima da shi a bakin titi ba ta dawo da ko sisi.

Tun 2020 CBN ya yanka wa'adi. In na'urar ATM ta bankinka ce ta riƙe kuɗi, a mayar nan take, in ya faskara cikin awa 24. In ta wani banki ce, awa 48. Ta POS ko sayayyar intanet, awa 72. Kwana tara ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Ka je reshe da rasit ɗin da ya nuna bai yi ba. In ba a ba ka ba, ka koma ka roƙi mai POS ya sake bugo shi, domin na'urar tana adana bayanin. Ka ɗauki hoton rasit ɗin tun yau, rubutun irin wannan takarda yana gogewa cikin ƴan makonni, balle in ta sha rana. Ka cike takardar koke, ka rubuta rana da lokaci da adadin kuɗi da lambobin da ke jikin rasit. Kada ka fito sai an ba ka lambar bibiyar koke. A nan yawancin mutane ke faɗuwa: su yi magana da baki a gaban kanta, a ce su je za a duba, su tafi babu wata shaidar cewa sun taɓa zuwa.

In mako biyu ya cika ba a warware ba, sai ka rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN. Ana iya aikawa ta imel, cpd@cbn.gov.ng, ko a kai takardar reshen CBN na nan Jos. Ka sa sunanka, sunan bankin, lambar bibiyar, kwafin rasit da na takardar asusu, da abin da kake nema a yi. Koken cajin da ya wuce kima ko na rance, kwana 30 ake bai wa banki kafin a wuce gaba. Kada ka rubuta lambar sirrin katinka a ko'ina, ba mai buƙatarta. Kuma ka yi hattara da masu kiran waya bayan mutum ya yi kuka a Facebook, suna cewa daga banki suke za su mayar da kuɗi in ka karanto lambar da aka turo maka. Ɓarayi ne.

Ga masu turawa ta waya da kuɗi bai isa ba, abin da za a nema shi ne lambar turawa mai lambobi 30 da ke jikin rasit. Da ita bankin mai karɓa zai gano inda kuɗin ya maƙale.

Tambaya: Mu mata ashirin ne muke adashi, kuɗin yana kwana wurin uwar adashi. An ba mu shawara mu buɗe asusu a ƙaramin bankin unguwa, amma muna tsoron ya rushe da kuɗinmu. Wasunmu kuma ba sa son kuɗin ruwa.
Daga wata uwar adashi, Anguwan Rogo.

Amsa: Hajiya, tsoronku yana kan hanya, amma akwai kariya. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ita ke biyan masu ajiya in an ƙwace lasisin banki. Tun Mayu 2024 tana biyan har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙaramin banki. Haka aka yi da aka soke lasisin Heritage Bank a Yuni 2024. Abin da ya haura wannan adadi sai an sayar da kadarorin bankin a raba, kuma wannan yana ɗaukar lokaci.

Sharaɗin shi ne bankin ya kasance mai lasisin CBN. Ba kowane ofishi mai allo da kanta ne banki ba. Ku sa wani yaro mai waya ya duba sunan a jerin ƙananan bankunan da ke shafin CBN na intanet, harafi da harafi, domin masu damfara suna ɗaukar suna mai kama da na gaske. Ƙungiyar gama kai da adashi da masu zagayen karɓar kuɗin kullum ba sa cikin wannan inshora, haka ma masu alkawarin ninka kuɗi a wata ɗaya.

Ku lura da wani abu: asusun ƙungiya mai ajiya ɗaya ake ɗaukarsa, ba ashirin ba. In tarinku zai wuce miliyan 2, babban banki ya fi muku. Ku sa mutum uku a kan asusun, da sharaɗin sai biyu sun sa hannu kafin a fitar da kuɗi, alat kuma ya riƙa zuwa wayar wadda ba ta cikin masu sa hannun. Wannan yana kare mutuncin uwar adashi kanta daga zargi.

Batun ruwa kuma, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021. CBN ne ke kula da su, NDIC kuma tana rufa musu baya. Sai dai ku sani, rashin ruwa ba ya ɗauke kuɗin turawa da na alat da harajin naira 50, domin waɗannan ladan aiki ne da haƙƙin gwamnati.

Tambaya: Na yi shekara biyu ban taɓa asusuna ba, yanzu ya ƙi aiki. An ce sai na biya kafin a buɗe. Gaskiya ne?
Daga wani dattijo, Rikkos.

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Baba. Farfaɗo da asusun da ya yi barci kyauta ne, kuma kuɗinku yana nan. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ana dakatar da shi ne don kada wani ya yi ɓarna da shi. Ku je reshe da kanku da katin shaida, da lambar BVN da ta NIN. In an manta su, a danna *565*0# don BVN, *346# don NIN, a layin da aka yi rajista da shi. Abin da ya fi kawo tsaiko shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin lambobin biyu, misali Muhammadu a nan, Mohammed a can. In haka ne, a fara gyara wannan. In katin cirar kuɗin ya daina aiki, sabo naira 1,000 ne da VAT bisa jadawalin CBN na 2020, kuma daga asusu ake cirewa, ba a miƙa wa kowa a hannu.